Ɗan Ƙarfen da Ya Rufe Bakin Tsofaffin Jitoci a Sabon Garin Kano

A cikin majami'u da otal-otal da shagunan masu gyaran kayan sauti na Sabon Garin Kano akwai tsofaffin jitocin lantarki da aka jingine, waɗansu a cikin akwati, waɗansu kuwa a rataye jikin bango ƙura ta lulluɓe su. Wanda bai san kan abin ba zai ɗauka sun mutu ne murus. Alhali kuwa sau da yawa katakon jikinsu garau yake, wuyansu bai karye ba, maganaɗisun da ke ɗaukar sauti kuma yana nan da ƙarfinsa. Abin da ya sa suka yi shiru bai wuce wani ɗan ƙarfe ba, wanda tsawonsa bai fi na yatsan hannu ba, watau wanda tsirkiyoyin nan shida suke hawa kansa kafin a ɗaure su a gindin jita.

Makaɗan gargajiya suna da sunan wannan abu tun kafin zuwan Turawa. Ɗan itacen da ke ɗage tsirkiyar goge ko garaya daga kan fata, jaki suke ce masa, domin shi ne mai ɗaukar kaya. To, jakin goge ba ya wuyar samu, mai goge da kansa zai fere wani da wuƙa idan na farko ya ɓata. Amma jakin jitar lantarki ƙarfe ne da aka ƙera a masana'anta, da noti-noti ƙanana da sifirin a jikinsa, kuma idan jitar ta shekara hamsin ko sittin, musamman irin masu gajeren wuya, neman wanda zai zauna mata daidai yakan zama kamar neman allura a cikin ruwa.

YADDA JITA TA ZAUNA A SABON GARI

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma wajen 1913 aka yanka filayen Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga kudancin ƙasar nan da Gwalkwas da Saliyo. Waɗannan baƙi sun zo da majami'unsu da makarantunsu, sun kuma zo da irin kiɗansu. Bayan yaƙin duniya na biyu kiɗan hailaif ya bunƙasa a biranen Afirka ta Yamma, kuma ana lissafa Bobby Benson na Ikko cikin waɗanda suka fara shigar da jitar lantarki cikin kiɗan rawa a Nijeriya. A tsakiyar shekarun 1960 Victor Uwaifo ya nuna wa samari cewa jita ita kaɗai tana iya jan ƙungiya, sa'an nan a 1976 Prince Nico Mbarga ya fitar da faifan da aka saurara a kusan kowace kasuwa ta nahiyar. A nan Arewa ma Bala Miller da ƙungiyarsa sun rera hailaif da harshen Hausa.

Sabon Gari, wanda yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, shi ne masaukin irin wannan kiɗa a Kano. Al'adar wancan zamani ita ce mai otal ya sayi kayan kiɗa, ya ɗauki makaɗa su riƙa yi masa wasa, saboda haka kayan sukan zauna a otal ko da makaɗan sun watse. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun kwashe jama'a masu yawa daga unguwar, amma bayan yaƙi mutane suka komo, kuɗin man fetur ya shigo, majami'u kuma suka fara karɓar jita da ganguna a cikin sujadarsu. Ta haka kayan kiɗa na shekarun 1960 da 1970 suka taru a unguwar, suna fita daga wannan hannu zuwa wancan.

Ba kowane makaɗi ne yake iya sayen jitar Amurka ba. Waɗanda suka fi yawa a hannun masu koyo da ƙananan ƙungiyoyi su ne masu araha daga Japan da Turai. A Japan akwai Teisco da Guyatone, a Holan akwai Egmond, a Jamus kuma akwai Höfner da Framus. Da yawa daga cikin na Japan an kwaikwayi siffar jitocin kamfanin Fender na Amurka ne wajen ƙera su, amma kowane kamfani da irin nasa awo. Wannan bambancin awo shi ne tushen wahalar da mai neman jaki yake sha a yau.

AIKIN JAKI

Domin mai karatu ya gane dalilin wahalar, sai a dubi yadda jita take. Tsirkiya tana kaɗawa ne tsakanin wurare biyu, watau ɗan ƙashin da ke saman wuya, da kuma sirdin da take hawa a kan jaki. A kan wuyan an kafa layukan ƙarfe kamar matakan tsani, inda makaɗi ke danna yatsa. Ba da ka ake kafa su ba. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a sami wurin mataki na farko, sa'an nan a raba abin da ya rage da wannan adadi a sami na biyu, haka har ƙarshe. Bisa wannan lissafi mataki na 12 yakan faɗa daidai tsakiyar tsirkiya.

Ke nan tun ranar da aka kafa matakan an riga an yanke wa jaki wurin zamansa. Idan ya gusa gaba ko baya da milimita biyu ko uku, jita za ta yi daidai idan an kaɗa tsirkiya sake, amma da zarar makaɗi ya gangara da yatsunsa ƙasan wuya sai sauti ya karkace, ya ƙi haɗuwa da na fiyano ko na mawaƙa. Wannan ne ya sa ake yi wa kowane sirdi dogon noti da sifirin, domin a matsa da shi gaba ko baya kaɗan-kaɗan. Tsirkiya mai kauri tana bukatar sirdinta ya ja baya fiye da na siririya.

Bugu da ƙari, fuskar wuyan jita ba a shimfiɗe take ba, tana da ɗan doro kamar bayan kwarya. A tsofaffin jitocin Fender doron yanki ne na da'ira mai inci 7.25 daga tsakiya zuwa baki, a na zamani yawanci 9.5, a na kamfanin Gibson kuwa 12. Lalle ne tsayin sirdi shida ya bi wannan doro. In bai bi ba, tsirkiyoyin tsakiya za su riƙa gogar matakai suna zizar ƙudan zuma, na gefe kuma su yi sama har su gajiyar da yatsa. Har ila yau jaki yana ɗauke da nauyin jan tsirkiyoyi, wanda a jita mai cikakken tsawo yakan kai kimanin kilo 45, dare da rana, shekara da shekaru.

MASU GAJEREN WUYA

A jitar Fender da aka fi sani, watau Stratocaster, tsawon tsirkiya mai kaɗawa inci 25.5 ne, kimanin milimita 648. A 1956 kamfanin ya fitar da Musicmaster da Duo-Sonic masu inci 22.5 domin 'yan makaranta da masu ƙananan hannuwa. A 1962 ya fitar da Jaguar mai inci 24, wadda a lokacin ita ce mafi tsada a cikin jitocinsa. A 1964 Mustang ta biyo baya, ana yin ta da inci 22.5 ko 24, sai Bronco a 1967. Leo Fender ya sayar da kamfanin ga CBS a farkon 1965. An daina yin Jaguar a 1975, Mustang kuma a 1982, kafin daga baya a sake farfaɗo da su.

Gajartar wuya ita kaɗai ba ta hana jaki aiki ba, domin kowane jaki zai yi idan an kafa shi a wurin da lissafi ya nuna. Matsalar ta zo ta hanya biyu. Ta farko, kowace ɗaya daga cikin waɗannan jitoci an yi mata jaki na musamman, wanda ba ya shiga ramukan wata. Musicmaster da Duo-Sonic suna da faranti mai sirdi uku, kowane sirdi yana ɗauke da tsirkiya biyu. Jaguar da Mustang kuwa jakinsu yana tsaye ne a kan ƙafa biyu masu tsini, waɗanda suke zaune cikin waɗansu ƙananan kofuna na ƙarfe da aka nutsa a jikin katako, domin jakin ya riƙa rangaji gaba da baya idan makaɗi ya danna hannun girgiza sauti. Tun da ba a ɗaure yake ba, tsirkiyoyi ne kawai ke danne shi, duk ranar da aka kwance su gaba ɗaya aka kifa jitar sai ya faɗo. Jakuna da yawa ta haka suka ɓata.

Ta biyu, gajeriyar tsirkiya ba ta da tauri kamar doguwa. Idan kauri ɗaya ne kuma sauti ɗaya ake nema, tsirkiya mai inci 24 ta gaza mai inci 25.5 tauri da kimanin kashi 11 cikin ɗari. Saboda haka ba ta danne sirdi sosai, kuma a jakin Jaguar, wanda sirdinsa yake da ƙananan tsagogi marasa zurfi, takan yi tsalle ta bar wurinta idan makaɗi ya buga da ƙarfi. Ƙananan noti guda biyu da ke ɗage kowane sirdi su ma girgiza takan kwance su har su zube. Shi ya sa tun da daɗewa makaɗa a ƙasashen waje suke cire jakin Jaguar su sa na Mustang, wanda kowane sirdinsa dunƙulallen ƙarfe ne mai tsaga ɗaya mai zurfi.

A Kano kuma yanayi yana ƙara nasa. Lokacin hunturu iska takan bushe ƙarau, katako ya tsuke, wuya ya motsa, ƙura kuma ta cika haƙoran noti. Da bazara gumin hannun makaɗi, wanda gefen tafinsa ke kwance a kan jaki duk tsawon wasa, yakan kwarara cikin ramuka da gishirinsa. Da damina laima ta gama aikin. Bayan 'yan shekaru sai noti ya kafe da tsatsa, wani ya zo da makullin da ba nasa ba ya murɗa, kan notin ya cinye, shi ke nan sirdi ya tsaya inda yake.

INDA AKE NEMA

Mai neman jaki a Kano yakan fara da shagunan kayan sauti da na lantarki a cikin Sabon Gari, wajen titin France Road da kewayen kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. A nan zai sami tsirkiya da wayoyi da lasifika da sababbin jitoci na ƙasar Sin. Idan an yi sa'a akwai jaki, to, galibi irin na Stratocaster ne, domin ita ce aka fi kwaikwaya a duniya. Ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake sarowa, kuma tun daga shekarun 1990, lokacin da masu kiɗan finafinan Hausa suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya ke fitar da sautin ƙungiya guda da shi, kasuwar jita a Kano ta koma ta 'yan majami'a da tsirarun masu sha'awa.

In ba a samu a nan ba sai a aika kasuwar Alaba ta Ikko, inda manyan masu shigo da kayan sauti suke, a ɗoro saƙon a motocin safa da ke sauka a tashar New Road. Hanya ta uku ita ce ta gwanjo, watau a sayi wata matacciyar jita a ciri jakinta, kamar yadda masu gyaran mota suke yi da tsofaffin motoci a Ƙofar Ruwa. Wannan dabara tana ceton jita ɗaya ne ta hanyar kashe wata.

Saura hanya ta huɗu, watau odar kaya daga ƙasashen waje ta intanet. A can kam akwai masu ƙera sababbin jakuna bisa tsohon awo. Dalili kuwa shi ne, bayan da Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana ya shahara a 1991 yana kaɗa Jaguar da Mustang, samarin Amurka da Turai suka koma neman waɗannan jitoci. Kamfanin Fender da kansa yana sayar da irin jakunansa na da, akwai kuma ƙananan kamfanoni irin su Mastery a Amurka da Staytrem a Ingila waɗanda suka gyara kurakuran tsohon tsarin, sa'an nan ga masu araha daga Sin da Koriya.

Amma kayan waje da kuɗin waje ake saye, kuma wannan tsohon ciwo ne. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Gwamnatin Janar Obasanjo ta taƙaita shigo da kaya a 1978, ta Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, sa'an nan a Satumban 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar canji ta biyu, darajar naira ta faɗi. A waɗannan shekaru ne makaɗa da yawa suka daina samun kayan gyara, suka shiga ɗaure jita da waya da ƙusa. Bayan da aka saki farashin canji a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Jaki mai kyau na ƙananan kamfanonin nan yana iya haura dala 150, ban da kuɗin jirgi da na kwastan, watau kuɗin da ya fi na sabuwar jita mai araha.

INCI DA MILIMITA

Ko wanda ya iya biya ma bai tsira ba, domin akwai tarkon awo. Ma'aikatan gwamnati da suka ga shekarun 1970 za su tuna yadda ƙasar nan ta bar inci da yadi ta koma mita. Amurka ba ta bari ba har yau. Jitar da aka yi a Amurka da inci aka auna kome nata, wadda aka yi a Japan ko Sin ko Turai kuwa da milimita. Ko jitocin Fender da aka fara ƙerawa a Japan daga 1982 bisa milimita suke, ko da yake a ido ba su da bambanci da na Amurka.

Alal misali, ɗan notin da ke ɗage sirdi a jitar Amurka kaurinsa kimanin milimita 2.8 ne, yana da haƙora 40 a cikin inci ɗaya. Takwaransa na Japan kaurinsa milimita 3 ne cif, haƙoransa kuma sun fi matsuwa. Idan an sa ɗaya a ramin ɗaya zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, in aka matsa masa kuwa ya cinye haƙoran ramin har abada. Hatta ɗan makullin nan mai kusurwa shida da ake murɗa su da shi ba ɗaya ba ne.

Haka kuma faɗin da ke tsakanin tsirkiya ta farko da ta shida. A tsofaffin jakunan Fender yakan kai milimita 55 zuwa 56, a na zamani da yawa kuwa kimanin 52. Idan aka ɗora jaki mai faɗi a kan jita mai siririn wuya, tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa daga bakin matakai, su kuma kauce wa maganaɗisun da ke ƙarƙashinsu. Tsakanin ƙafafun jakin Jaguar da Mustang kimanin milimita 73 ne, amma kwaikwayon da kamfanonin Japan suka yi a shekarun 1960 bai tsaya kan wannan ba. Teisco, wanda kamfanin Kawai ya saya a 1967, ya fitar da jitoci iri-iri da sunaye iri-iri, Framus na Jamus kuma ya karye a tsakiyar shekarun 1970. Jakunan irin waɗannan sai dai a sami tsoho a hannun masu tara kayan da.

Saboda haka kafin a biya ko kwabo, akwai abubuwa biyar da ya wajaba a auna da ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke gwada kauri da shi. Na ɗaya, nisa daga ƙashin wuya zuwa mataki na 12, a ninka biyu. Na biyu, nisa tsakanin ramukan da tsohon jaki ya zauna, daga tsakiya zuwa tsakiya. Na uku, faɗin ramukan da zurfinsu. Na huɗu, faɗin wuya a mataki na ƙarshe, domin a san iyakar faɗin da tsirkiyoyi za su iya yi. Na biyar, doron wuya, wanda ana iya gwada shi da kwali da aka yanka bisa da'irar da aka zana da kamfas ɗin 'yan makaranta. Hoton da mai sayarwa ya nuna ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

MAGANIN DA KE GIDA

Wanda ya riƙe waɗannan awo a takarda, sau da yawa zai tarar ba ya ma bukatar aikawa ko'ina. Kano gari ne na maƙera da masu injin fere ƙarfe, waɗanda kullum suke fitar da ƙananan sassan injin niƙa da na babur da na famfon ban ruwa waɗanda aka rasa a kasuwa. Sirdin Mustang ɗan guntun sandar ƙarfe ne mai tsaga ɗaya a tsakiya da rami ɗaya a gicciye. Kauri uku ake yi masa, mafi kauri biyu a tsakiya, mafi siranta biyu a gefe, ta haka doron wuya ke fita ba tare da ƙananan notin ɗagawa ba. Kofunan da ƙafafun jaki ke zama ciki su ma aikin injin fere ne. Farantin Musicmaster kuwa fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka huda. Jakunan yawancin jitocin Japan ma sun fi waɗannan sauƙi, domin waɗansu sanda ɗaya ce kawai a kan ƙafa biyu.

Ana iya yin su da tagulla ko da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ya fi dacewa da gumi da laima. Tun da noti na milimita ne ake samu a kasuwannin Kano, hikima ita ce a ƙera sabon jaki ɗungurungum bisa milimita, a daidaita shi da ramukan da ke jikin jita, a bar tsohon jakin yadda yake. Abin da ke da wuya shi ne shafen nan mai ƙyalli na masana'anta, amma ƙyalli ba shi ke ba da sauti ba. Abin lura shi ne tsagar da tsirkiya ke kwanciya, a goge ta da siririn magagari har ta yi santsi, domin kaifi kaɗan ya isa ya riƙa tsinka tsirkiya a tsakiyar wasa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga makaɗan ƙasar Hausa da maƙwabtansu. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da shi, da gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya ake yin sa. Mdou Moctar, Buzun nan na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar wanda yau ake lissafa shi cikin gwanayen jitar lantarki na duniya, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Bambancin kawai shi ne jitar masana'anta ba ta yarda da aikin ido, sai an bi ta da ma'auni.

A nan ne ake yin ɓarna, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wani mai gyara in ya ga sabon jaki bai shiga tsofaffin ramuka ba sai ya ɗauko injin huda ya yi sababbi. Wani ya liƙe sirdi da gam ko ya yi masa walda, ya hana shi motsin da aka yi shi dominsa. Wani kuma ya manta da 'yar wayar da ke tasowa daga cikin jita ta taɓa ƙarfen jaki ko na wurin ɗaure tsirkiya, wadda ita ce ke kwashe gunjin lantarki, sai a kunna na'urar ƙara sauti a ji tana ruri. Alhali sau da yawa tsohon jakin bai mutu ba. In an jiƙa shi da kananzir ya kwana, aka goge da tsohon burushin haƙori, aka ɗiga masa mai, notin da ya kafe yakan saki. Wanda ke kwancewa da kansa kuma ɗigon jan farce ya isa ya riƙe shi. Tsirkiyoyi masu ɗan kauri suna ƙara danne sirdi, haka ma siririn kwali da ake sawa a ƙarƙashin gindin wuya domin ya ɗan karkata baya a ɗaga jaki sama.

Bayan an ɗora jaki, gwajinsa ba shi da wuya, ko da manhajar daidaita sauti ta wayar hannu ana yi. A daidaita tsirkiya tana sake, sa'an nan a danna ta a mataki na 12. Idan sautin ya haura yadda ya kamata, a ja sirdi baya. Idan ya gaza, a tura shi gaba. Haka za a bi su shida ɗaya bayan ɗaya.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Ga makaɗin da ke wasa a majami'a ranar Lahadi da wurin biki ranar Asabar, jita ita ce gonarsa, kuma kowane mako da ta yi a jingine asara ce. Akwai kuma wata asarar da ba kowa ya sani ba. Mustang ko Jaguar ta ainihi ta shekarun 1960 tana iya kai dubban daloli a kasuwannin Amurka da Turai, kuma masu saye suna duba ko kowane ƙarfe nata na asali ne. Rami ɗaya da aka huda, ko tsohon jaki da aka jefar a bola don ya yi tsatsa, yana zubar da babban kaso na wannan daraja. Irin waɗannan na ainihi ba su da yawa, amma mai tsohuwar jita yana iya dubawa. Fender yakan buga lamba a farantin da ke bayan mahaɗar wuya, na 1963 zuwa 1965 suna farawa da harafin L, kuma a gindin wuyan akan sami hatimin wata da shekarar da aka yi shi. Wanda bai duba ba yana iya sayar da dukiya a farashin itacen girki.

Ko waɗanda ba su da tsada a kasuwa suna da wata darajar. Su ne shaidar wani zamani na tarihin Kano, lokacin da akawun reluwe da ɗan makaranta da soja suke haɗuwa a fili ɗaya suna sauraron kiɗa. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ke Gidan Ɗan Hausa, ta duba yiwuwar ɗaukar hotuna da bayanan irin waɗannan kaya a majami'u da otal-otal kafin su ƙare, kamar yadda ake adana tambura da kakaki. Sassan koyar da aikin injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da makarantun koyon sana'a kuma suna da injinan fere da ma'aunai da ɗalibai masu neman aikin gwaji na ƙarshen shekara. Auna tsohon jaki, da zana shi a takarda, da fitar da irinsa wanda zai zauna daram, darasi ne cikakke a kan awo da haƙoran noti da zaɓen ƙarfe. Zanen da ɗalibi ɗaya ya yi daidai zai yi wa kowane mai injin fere a Fagge da Sabon Gari amfani shekaru masu yawa.

Kafin a kai ga haka, shawara ga duk mai tsohuwar jita a ɗaki ita ce kada ya huda, kada ya jefar da kome. Ya zuba tsohon jaki da notinsa da sifirinsa a cikin ƙaramin gwangwani, ya rubuta sunan jitar a jiki, ya ajiye tare da ita. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai injin fere ba zai iya fitar da sabon jaki daidai ba sai ya ɗora ma'auninsa a kan tsohon.